Bitar moto mai enkoda na NEMA 23: abin da ya gyara a layin Y da abin da ya bari

Injin sassaƙa na CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, da nake aiki da shi a lokacin hutuna ƙarami ne, firam ɗinsa na alminiyum, kuma kowane ɗaya daga cikin layukansa uku, X da Y da Z, yana tafiya ne a kan dogon sukuru mai boris a cikin notinsa, irin wanda ake kira SFU1605, wato mai kaurin milimita 16 wanda juyi ɗaya yake matsar da teburi milimita 5. Allon da ke ba da umarni Arduino Uno ne mai ɗauke da manhajar GRBL 1.1, wadda ke aika wa motocin umarni. Na daɗe ina fama da layin Y, domin sai aiki ya yi nisa sannan in lura cewa ramin da ake haƙawa a cikin katako ya fita da matakala a bangonsa, zagaye na huɗu bai hau daidai kan na uku ba, ta yadda idan na bi da farce sai ya maƙale a wurin. Wani lokaci nakan ji ɗan gajeren gurnani daga moton yayin da kan injin ke komawa da gudu ba tare da yanka ba, wani lokacin kuma ba na jin komai saboda ƙarar yankan ta danne. Wannan ne ya sa na sayi moto mai enkoda, wato na'urar da ke ƙirga juyin moto, tare da direbansa, wato na'urar da ke ba shi wuta bisa umarnin allo, kuma bayan watanni ina amfani da shi ina ganin zan iya faɗin abin da ya cancanta a faɗa a kansa.

Ba za a fahimci amfanin wannan kaya ba sai an san makantar moton da ya maye gurbinsa. Moto mai taku na yau da kullum yana da taku 200 a juyi ɗaya, kowane taku digiri 1.8, kuma direbansa yana iya raba kowane taku gida takwas ko sha shida domin tafiyar ta yi laushi. GRBL yana aika bugun wuta, bugu ɗaya gutsuren taku ɗaya, sannan ya rubuta a lissafinsa cewa teburi ya matsa. Babu wayar da ke dawo masa da labari. Halinsa halin mai aika kuɗi ne yana rubutawa a littafi ba tare da an taɓa miƙo masa rasit ba, saboda haka idan moton ya kasa bin umarni, lambobin da ke kan allon kwamfuta za su ci gaba da nuna daidai alhali bakin yankan yana wani wuri dabam, kuma duk abin da aka yanka daga nan har ƙarshen aikin zai gaji wannan kuskuren.

Kafin in kashe kuɗi na ɗaura agogon awo, wanda allurarsa ke nuna ƙanƙanin motsi, a jikin firam, na sa bakinsa ya taɓa teburi, na daidaita allurarsa a sifili, sannan na rubuta ɗan gajeren shiri da ke kai layin Y milimita 300 ya dawo da shi sau hamsin da cikakken gudu. A yawancin gwaji allurar takan koma sifili, amma idan ta kuskure, kuskuren yakan zama kusan 0.1 ko 0.3 ko 0.4 na milimita, ban taɓa ganin 0.15 ba. Wannan ba dace ba ne. Haƙoran da ke cikin moton suna maimaita yanayinsu na maganaɗisu ne bayan kowane cikakken taku huɗu, don haka idan nauyi ya fi ƙarfin moton ya zame, zai sake kamawa ne a taku huɗu ko takwas ko sha biyu daga inda ya kamata ya kasance. Taku huɗu digiri 7.2 ne, kuma a kan sukuru mai milimita 5 wannan ya zama 0.1 na milimita cif. Duk mai irin wannan matsala ya kamata ya yi wa injinsa wannan lissafi, domin shi ne abu mafi sauƙi da ke bambanta moton da ya gaza da sauran cututtukan da ke kama da shi. Wasan da noti ke yi a kan sukuru, alal misali, ba ya taruwa: girmansa ɗaya ne ko an je an dawo sau ɗaya ko sau ɗari, kuma yana bayyana ne kawai idan an kusanci wuri daga ɓangarori biyu mabambanta.

Da na rage gudun komawa a saitin GRBL na $111 da saurin ɗaukar gudu a $121, zamewar ta ragu ƙwarai, wanda ya ƙara tabbatar mini cewa ƙarfin juyi ne ke ƙarewa. Ƙarfin moto mai taku yana raguwa yayin da gudunsa ke ƙaruwa, saboda naɗin wayar da ke cikinsa ba ya barin wuta ta cika shi nan take, kuma moton da ke juyawa yana haifar da tasa wutar da ke turo ta direba baya. Milimita 3000 a minti ɗaya a kan sukuru irin nawa na nufin juyi 600 a minti, kuma a wannan gudu da wutar bolt 24 tsohon moton ba ya da sauran rarar ƙarfi. Gaskiya ita ce da na haƙura da tafiya a hankali da ban sayi komai ba. Abin da ya tura ni shi ne rashin natsuwa, domin ko an rage gudu ba wanda zai gaya mini ranar da ƙurar katako za ta cushe layin dogo ko mai ya bushe a sukuru.

Abin da ya zo a kwali shi ne moto mai girman NEMA 23, wato mai fuska kusan milimita 57 kowane gefe, da direba, da wayoyi biyu, ɗaya ta wutar moto ɗaya ta enkoda. Enkodar tana zaune ne a bayan moton cikin murfi, faifai ne mai layuka 1000 wanda direban ke karantawa a matsayin ƙirge 4000 a juyi ɗaya, kuma a kan sukuruna kowane ƙirge ya yi daidai da 0.00125 na milimita. Direban yana kwatanta yawan bugun da aka aiko masa da inda shaf ɗin, wato sandar moton da ke juyawa, yake a zahiri. Idan shaf ya yi jinkiri sai ya ƙara wuta ya cike giɓin, idan kuma giɓin ya wuce iyakar da aka sa masa sai ya saki moton, ya kunna jar fitila, ya ba da sanarwa ta tashar da aka rubuta wa ALM.

Wurin ɗaurawa akwai abubuwa biyu da hoton talla ba ya nunawa. Ramukan noti huɗu sun dace da na tsohon moton ba gyara, domin wannan shi ne amfanin ma'aunin NEMA, amma jikin sabon ya fi tsawo saboda murfin enkodar, har sai da na matsar da sarƙar da wayoyi ke bi ta ciki don kada ya buge ta a ƙarshen layi. Na biyu kuma, shaf ɗinsa milimita 8 ne, na tsohon kuwa 6.35, wato kwata na inci, saboda haka mahaɗin da ke tsakanin moto da sukuru bai shiga ba, dole na nemi wani. A riƙe zancen wannan mahaɗi, domin zai dawo. Takardar bayanin da aka haɗo da ita ganye biyu ce, ta nuna jadawalin ƙananan makunnai da ake zaɓar yawan bugu da su da kuma launin wayoyi, amma ba ta yi wani bayanin kirki ba a kan yadda ake sauya iyakar giɓi, abin da ke buƙatar wata waya ta dabam da manhajar kwamfuta waɗanda ba sa cikin kwalin. Wannan shi ne babban ƙorafina a kan kayan, kuma har yanzu ina amfani da iyakar da ya zo da ita.

Akwai tarkon da sabon mai saye kan faɗa a wurin zaɓar yawan bugu. Tunda enkodar tana ƙirga 4000, mutum zai so ya saita direban a bugu 4000 a juyi ɗaya, wanda ke nufin rubuta 800 a $101, saitin yawan bugu a milimita ɗaya na layin Y. Sai dai GRBL a kan Arduino Uno ba ya wuce bugu kusan 30,000 a daƙiƙa, kuma idan aka raba wannan da 800 sai a ga gudun ya tsaya a milimita 2250 a minti, ƙasa da abin da tsohon moton ke yi. Na zaɓi 1600, na bar $101 a 320 kamar yadda yake tun farko, wanda ya ba ni sarari har sama da milimita 5000 a minti, kuma gutsuren taku na kusan 0.003 na milimita ya fi ƙarfin abin da katako zai iya nunawa.

A bakin aiki bambancin ya fito fili tun ranar farko. Tsohon moton yana jan cikakkiyar wuta ko yana aiki ko yana tsaye, shi ya sa bayan awa ɗaya ba a iya barin hannu a jikinsa. Sabon kuwa yana jan wuta gwargwadon nauyin da ke kansa, kuma bayan aikin awa uku ɗumi kawai yake yi. Ƙarar tafiyarsa ta ragu, kuma wata karkarwa da layin ke yi a wani matsakaicin gudu, wadda takan sa ƙananan sukurori rawa a kan teburi, ta kusa ɓacewa. Na maimaita gwajin zuwa da dawowa sau hamsin a milimita 4000 a minti, allurar agogo ta koma sifili kowane lokaci. Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa ba enkoda kaɗai ta yi wannan aiki ba, domin a lokaci guda na sauya akwatin wuta daga bolt 24 zuwa 36, kuma ƙarin wuta kaɗai yana ƙara wa kowane moto mai taku ƙarfi a babban gudu. Direban yana karɓar har bolt 50, amma ban kai shi 48 ba, saboda moton da ke taka birki yana mayar da wuta cikin layi ya ɗaga ta sama da yadda take, kuma tazarar bolt 2 ta yi mini kaɗan. Enkoda ba ta ƙirƙirar ƙarfin da moto ba ya da shi. Idan nauyi ya fi shi na ɗan lokaci zai farfaɗo ya cim ma inda aka aike shi, idan kuma nauyin ya dawwama zai tsaya.

Wannan tsayawar ce na fi daraja a cikin duk abin da na saya, amma ba ta da amfani sai an haɗa ta da allon umarni, kuma takardar ba ta ja hankali a kan haka ba. Direban ne ya san inda shaf yake, GRBL har yanzu bai sani ba. Idan layin Y ya tsaya da jar fitila kuma ba a haɗa ALM da komai ba, X da Z za su ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru, bakin yanka ya tsaga katakon a miƙe ta inda bai kamata ba, ɓarnar ta fi ta zamewar taku huɗu. Na haɗa tashar da ƙafar A0 ta Arduino, wadda ke dakatar da komai nan take, maimakon A1 wadda ke rage gudu a hankali ta bar bakin yanka yana juyawa. Ranar da wani guntun katako ya faɗa tsakanin teburi da firam, injin ya tsaya cak, na cire guntun, na kashe direban na kunna, na ba da umarnin $H ya koma ya taɓa makunnan gida, wato makunnan da ke ƙarshen kowane layi waɗanda injin ke gane mafarinsa da su, kuma tunda GRBL yana adana mafarin aiki na G54 gwargwadon nisansa daga gida, na ci gaba daga inda shirin ya tsaya ba tare da asarar allon ba. Wanda injinsa ba ya da makunnan gida ba zai ci wannan moriyar ba, kuma ina ganin ya kamata ya fara sayen su kafin ya yi tunanin enkoda.

Bayan kamar mako uku matakalar ta dawo a bangon rami. Ba jar fitila, ba gurnani, kuma da na auna sai na sami 0.06 a wani gwaji, 0.17 a wani, lambobin da ba su da alaƙa da taku huɗu. Da farko raina ya ɓaci, na ɗauka kayan ne suka yaudare ni, amma da na zauna na yi tunani sai na ga cewa shirun direban shi kansa shaida ne. Idan ya ce shaf yana inda aka umarce shi, to kuskuren yana ɗaya daga cikin wurare biyu: ko umarnin ya lalace kafin ya iso gare shi, ko motsin ya ɓace bayan ya bar shaf. Na ɗauki alƙalamin maka na ja layi ɗaya siriri daga shaf ɗin moto, ya bi ta kan mahaɗi, ya sauka a kan sukuru, na yi yanka mai ɗan nauyi na minti goma, na haska tocila. Layin ya karye a bakin mahaɗi ta wajen moto, rabinsa ya gota da kamar kaurin gashi biyu. Laifina ne ni kaɗai. Shaf ɗin yana da gefe ɗaya da aka fere ya yi faɗi domin ɗan sukurun mahaɗi ya zauna a kai, ni kuwa cikin gaggawar ɗaurawa na matse shi a kan zagayayyen gefe, kuma sabon moton da ya fi ƙarfi ya riƙa murɗa shi kaɗan-kaɗan a duk lokacin da ya juya baya. Enkodar tana bayan moto, ba ta ganin abin da ke faruwa a gabansa. Ba za ta ga mahaɗin da ya saki ba, ko bel ɗin da ya tsallake haƙori a injunan da ke tafiya da bel, ko fulin da ya kwance, ko katakon da ya zame daga matsewarsa, ko bakin yankan da ya sulluɓo daga maƙoshinsa har ramin ya yi zurfin da ake ɗora wa layin Z alhakinsa. Na sauya mahaɗin da irin wanda ke rungumar shaf gaba ɗaya idan an matse shi, na shafa wa sukurorinsa ɗan gam ɗin da ke hana noti kwancewa.

Ɗaya ɓangaren, wato lalacewar umarni, ban kamu da shi ba sosai, amma na bincika shi domin sabon direban ya fi tsohon tsantseni a kan lokaci. Mashigar bugunsa tana bi ta wani ɗan keɓe mai aiki da haske, wanda ke da ɗan jinkiri, kuma takardarsa ta nemi alamar da ke nuna gaba ko baya ta riga bugun taku da aƙalla kashi biyar cikin miliyan na daƙiƙa. GRBL a yadda ya zo yana sauya alamar ne kusan tare da bugun, saboda haka bugun farko bayan juyawa yana iya tafiya ta tsohuwar hanya. Kuskuren ƙanƙani ne, amma a aikin zane mai tudu da kwari inda layi ke juyawa sau dubbai, yana iya taruwa ta gefe ɗaya har a gan shi da ido, kuma direban ba zai yi ƙorafi ba tunda ya yi daidai abin da ya ji. Maganinsa shi ne juya fuskar bugun da saitin $2, ko kunna STEP_PULSE_DELAY a fayil ɗin config.h a sake ɗora manhajar. Haka nan hayaniyar wuta daga na'urar da ke sarrafa gudun kan yanka tana iya shiga wayar bugu ta zama taku na ƙarya, wanda moton zai bi da biyayya kuma enkodar ta tabbatar masa cewa ya yi daidai. Gwajinsa mai sauƙi ne: a gudanar da shiri ɗaya a iska da kan yanka a kashe, a sake gudanar da shi da kan yanka a kunne, a kwatanta agogon. Na raba wayoyin enkoda da na bugu daga wayar kan yanka, na haɗa rigar ƙarfen wayar da ƙasa a cikin akwatin sarrafawa, kuma gwajin biyu sun ba ni sakamako ɗaya.

Hukuncina a kan kayan shi ne yana yin abin da aka ce yana yi, yana yin sa da kyau, kuma zan sake sayen sa. Ya dace da wanda ya auna ya ga kuskurensa yana zuwa taku huɗu-huɗu, wanda ya riga ya goge layin dogonsa ya shafa wa sukurunsa mai ya juya shi da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe bai ji inda ya cije ba, kuma yake yin ayyuka masu tsawo a kan katakon da ba ya so ya yi asararsa. Wanda bai yi wannan awon ba yana iya ɗaura shi ya tarar da matsalarsa tana nan, har ma ta ƙaru, kamar yadda ta faru da ni a kan mahaɗi. Ina kuma gargaɗin mai saye ya duba tsawon wayar enkodar kafin ya biya, domin wayoyinta sirara ne da yawa a cikin riga ɗaya, kuma ƙara mata tsawo da hannu yana buɗe wa hayaniya ƙofa.

Layin X da na Z har yanzu tsofaffin motoci ne a kansu. X bai taɓa ba ni matsala ba, don haka ban ga dalilin taɓa shi ba. Z ne nake tunanin sauyawa, domin a can ne zamewa ta fi muni: idan moton ya kasa ɗaga kan yanka a lokacin hawa, injin zai ɗauka yana sama alhali yana ƙasa, sai ya nutsa cikin aikin a sauka ta gaba. Abin da ya dakatar da ni shi ne cewa direba mai enkoda yana sakin moto idan ya kunna jar fitila, kuma sukuru mai boris ba ya riƙe nauyi da kansa, saboda haka kan yanka mai nauyi zai iya gangarowa da kansa a daidai lokacin da aka so komai ya tsaya. Akwai irin moton da ke zuwa da birki a bayansa saboda wannan, amma ya fi tsawo, kuma sai na auna ko zai shiga ƙarƙashin murfin Z. Layin makar da na ja a kan mahaɗin Y ban goge shi ba, ina haska shi da tocila kafin in fara kowane dogon aiki.